Tsohuwar da Ta Ƙi Mutuwa a Fitowa ta Uku

"Lafiya lau na wuni, ba don ka damu ba," in ji Kaka, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wa nake ji haka kamar mijin nan nawa da ya gudu?"

"Ni ne dai, Amarya. Ya ƙafa?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Cire min takalmin nan a waje, kada ka shigo min da warin asibiti."

Kaka na zaune a bakin gadonta na ƙarfe, a ɗan ɗakinta da ke ƙarshen gidan babban ɗanta. Rediyo na kan taga, sallaya a naɗe kan akwati, fanka na juyawa tana kuka kamar an sa ta aikin dole. Da ta ji muryarsa sai ta yi wuf ta rufe gwangwanin maɓallan da ke cinyarta, ta tura shi bayan matashi. Mai shigowar jikanta ne, wanda duk gidan ke kira Dogo, nas ne a ƙaramin asibitin unguwa. Tun yana goye take ce masa mijinta, shi kuma tun da bakinsa ya buɗe yake ce mata Amarya. Ya sunkuyar da kai ya shigo, jaka a kafaɗa, ledar lemu a hannu.

Kaka ta dubi ledar, ta taɓe baki. Ta san halin kayanta.

"Lemu? Yau kuma me kake so?"

"Haba! Miji ba zai kawo wa matarsa tsaraba ba sai da dalili?"

"Wani mijin dai. Kai rabon da ka kawo min abu kyauta tun ranar da ka yi min fitsari a baya. Faɗi abin da ya kawo ka, kafin lemun ya gane inda aka kawo shi ya ruɓe don kunya."

Dogo ya zauna a ƙasa, ya harɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar.

"Aro na zo. Tsohon zanenki mai ruwan toka, da tsohon tabaraunki da ya karye, da sanda."

Kaka ta kama haɓa. "Innalillahi! Ashe abin ya kai haka? Na san 'yan mata sun ƙi ka, amma ban zaci za ka koma tsohuwa gaba ɗaya ba."

"Ba ni zan sa ba. Wasan kwaikwayo za mu yi."

Ya yi mata bayani. Asibitinsu zai tara mutanen unguwa ranar Asabar a kan maganar hawan jini. Bara likita ya yi jawabi, rabin mutane suka yi barci, sauran suka sulale. Shi ya sa bana babbar nas ta ce wasa za a yi, aka ɗora wa Dogo rubutawa.

"Kai?" in ji Kaka. "Kai za ka rubuta wasa? Yaron da ko ƙarya bai iya ba? In ka saci sukari, da shi a gemu kake zuwa rantsuwa."

"Lokacin ba ni da gemu."

"Yanzun ma wannan ba gemu ba ne, tsintsiya ce da ta gama aiki. To, yaya ake rubuta shi wasan? Ba taruwa ake yi kowa ya yi ta surutu ba?"

"Da haka ne ai da ke aka ba wa, tunda ke kaɗai kin isa mutum shida." Ya kauce wa maficin da ta kai masa. "A rubuce yake, Amarya. Sai ka fara zaɓen mutanenka, ba su da yawa. Ka sa su a wuri ɗaya. Ka rubuta abin da kowa zai ce, da inda zai tsaya, da lokacin da zai shigo ya fita. Na farko da na rubuta, babbar nas ta karanta ta miƙo min abina, ta ce wannan wa'azi ne na yanka gida huɗu na raba wa mutane."

"Allah ya yi wa matar nan albarka. Tana da miji?"

"Ina ruwanki?"

"In ba ta da shi in ba ta kai, in huta. Karanto min na biyun."

Ya zaro takardu daga jaka, ya gyara murya. Kaka ta ɗauki lemu ɗaya ta fara ɓarewa, don kada ya zaci ta damu.

"Mutanen cikin wasa. Tsohuwa, mai taurin kai. Surukarta, mai haƙuri. Likita. Sai Jikan tsohuwa, wani kyakkyawan saurayi ma'aikacin asibiti."

"Tsaya nan. Ƙarya ta fara tun ba a buɗe labule ba."

"Fitowa ta ɗaya. Ɗakin Tsohuwa. Gadon ƙarfe a gefe. Rediyo a kan taga. Fanka mai kuka."

Kaka ta dubi rediyonta. Ta ɗaga kai ta dubi fanka. Fankar kuwa kamar ta san ana maganarta, sai ta ƙara sauti.

"Wannan tsohuwar a wace unguwa take?"

"A cikin kaina take."

"To tana cikin ƙunci, baiwar Allah, wurin ba fili. Ci gaba."

Fitowa ta ɗaya ba laifi, Tsohuwa ce ke faɗa da kowa a kan an rage mata gishiri a abinci. Kaka har ta yi dariya sau ɗaya, ta mayar da ita tari. Da ya shiga fitowa ta biyu kuwa sai hannunta ya tsaya a kan lemun.

"Suruka ta shigo da ruwa a kofi da magani a tafin hannu," Dogo na karantawa, idonsa a kan takarda. "Tsohuwa ta karɓa, ta kai baki, ta kurɓi ruwa. Suruka ta fita. Tsohuwa ta leƙa ƙofa, ta zaro ƙwayar daga ƙarƙashin harshe, ta jefa cikin gwangwanin maɓallai, ta rufe."

Kaka ta ji gwangwanin nan a bayan matashi kamar garwashi. Sai yanzu ta tuna ranar da maɓallin rigarsa ya tsinke, ta ce masa ya duba ɗakinta, ita tana wanka. Ashe ɗan banzan yaron nan ya gani ya yi shiru, ya tafi ya ɗinka mata riga da abin. Amma ta riga ta shekara da yawa a duniya, ba za ta bari yaro ya ga fuskarta ta canza ba.

"Wannan tsohuwa akwai dabara," ta ce. "Ina son ta. Sai me ya faru?"

"Fitowa ta uku. Tsohuwa a kwance, an lulluɓe ta. Suruka na kuka. Jika na kuka. Likita ya matso gaba ya fuskanci 'yan kallo ya ce, jama'a, kun ga abin da ƙin shan magani..."

"Ka kashe ni?"

"Ke kuma wa ya ambaci sunanki?"

"Ka kashe ni a gaban mutanen unguwa, da zanena a jiki, da tabarauna a ido! Kuma har ka zo da lemu! Wato na ta'aziyya ne ka kawo tun da wuri?"

"Amarya, wasa ne."

"Wasa? To a wasan kai ka mutu mana. Rubuta. Jika ya shigo yana taƙama, kansa ya bugi saman ƙofa, ya faɗi, shi ke nan. Tsohuwa ta yi kwalliya ta auri Likita."

"Likitan da ke cikin wasan direban motar asibiti ne, kuma haƙoransa uku."

"Ya fi ka, yana da mota. Su hau jirgin sama su tafi, 'yan kallo na ɗaga musu hannu."

"A ina zan sa jirgi? Dandamalin namu ɗakin jiran marasa lafiya ne, za a ture bencina gefe. Labulenmu zannuwan gado ne guda biyu aka haɗa da allura. Abin da ba zai shiga ta ƙofar nan ba, ba ya cikin wasa."

"To a ce ta warke da kanta, saboda zuciyarta fara ce."

"'Yan kallo ba sa ganin zuciya. Abin da aka faɗa da abin da aka yi a gabansu, shi kaɗai suka sani."

"Ashe makafi za ku tara."

"Su ne dai ƙawayenki na layin nan."

Ta sake kai masa mafici, wannan karon ya same shi a gwiwa. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya ajiye takardun a ƙasa, ya shafa ƙeya. Kaka ta san wannan shafa ƙeyar. Haka yake yi tun yana ƙarami in abu ya fi ƙarfinsa.

"Gaskiya ni ma ƙarshen bai yi min ba," ya ce. "Jiya mun yi gwaji bayan an tashi aiki. Yarinyar da ke ba da kati ita ce za ta fito a Tsohuwa. Mun zo daidai wurin gwangwani sai ta tsaya cak, ta ce, wai me ya sa take ɓoyewa? Na ce taurin kai. Ta ce taurin kai ba dalili ba ne, ita ba za ta iya tsayawa gaban mutane tana taurin kai tun daga farko har ƙarshe ba. Dole matar nan akwai abin da take so, akwai abin da take tsoro, in ba haka ba itace ce aka ɗaura wa zane. Na buɗe baki in ba ta amsa, na ga ban da ita."

"Yarinya ta ƙure marubuci."

"Ta ƙure ni. Na san abin da Suruka ke so, na san na Likita, na Jika kuwa ba sai an gaya min ba. Ita Tsohuwar ce ban sani ba. Ni na rubuta ta, amma ta ƙi yi min magana."

Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Nan Kaka ta gane ba zane ya kawo shi ba, ba tabarau ba. Da ya ga dama da tuni ya kai gwangwanin nan gaban ubansa, gida ya ɗauka, a zo a tsaya mata a ka ana ƙirga mata haɗiya kamar jaririya. Bai yi ba. Ya je ya zauna ya rubuta wasa sukutum, don dai ya samu hanyar tambayarta ba tare da ya kunyata ta ba. Ta jefa ɓarin lemu a baki.

"Kai dai ba ka da kai," ta ce. "Tsawo kawai aka ba ka. Ni da ban san tsohuwar nan taka ba ma na gane ta."

"To gaya min."

"Wataƙila, ina cewa wataƙila, duk ranar da ta sha abin nan jiri yake ɗibarta. Ta idar da salla ta yunƙura za ta tashi, sai ɗakin ya juya da ita. Wataƙila wata rana har ta kai ƙasa, ba don ta kama ƙafar gado ba da goshinta ya fashe."

Dogo ya ɗago da sauri. "Yaushe?"

"Yaushe me? Ba ka ce a cikin kanka take ba? Tambayi kanka."

Ya haɗiye maganar. "To me ya hana ta gaya wa mutanen gidan?"

"Saboda tana da maƙwabciya. Rubuta wannan, ka sa maƙwabciya a wasan. Mace mai ƙafa, kullum tana hanya, ba gidan da ba ta sani ba. Sau ɗaya ta faɗi a tsakar gida, 'ya'yanta suka taru, saboda tsabar ƙauna suka ce daga yau ba ita ba fita. Aka sayo mata katifa mai laushi, aka sa mata talabijin. Yanzu in ka je gaishe ta, rufin ɗaki take kallo, sai ta yi ta tambayarka wa ya haihu, wa ya tashi daga layin. Tsohuwarka ta ga wannan da idonta. Ita kuwa tana son ta ɗauki sandarta da hantsi, ta je ta zauna wurin mai sayar da zare su yi gulmar duniya, ta leƙa mara lafiya, ta dawo da ƙafarta. Ɗanta kuma mutum ne mai tsoro, in ya ji kalmar faɗuwa, har ƙofar ɗaki sai ya sa wa kwaɗo. To ka ji. Mutuwa ba ta dame ta ba, wannan kowa jiran ranarsa yake. A zaunar da ita tana da rai, shi ne ba ta so."

Fanka na ta kukanta. Dogo bai rubuta komai ba. Idonsa ya kaɗa, ya juya yana gyara takardun da ba su buƙaci gyara ba.

"Au, kuka za ka yi?" in ji Kaka. "Ka adana shi sai fitowa ta uku, can aka rubuta maka."

"Fankarki ce ke watso min ƙura."

"Fankata ta girmi uwarka a gidan nan, ka yi mata ladabi."

Ya ja hanci, ya ɗauki biro. "To bari mu gyara. Fitowa ta uku. Jika ya shigo ya tarar da Tsohuwa a zaune, da ranta, tana cin lemun mutane. Ya ce mata, maganin hawan jini ba iri ɗaya ba ne. In wani yana sa jiri, likita na iya canza shi ko ya rage. Abin da ba a yi shi ne a daina a ɓoye, don jinin ba ya sallama kafin ya yi ɓarna."

"Ka fara wa'azin naka."

"Layi biyu ne kawai."

"Mayar da shi ɗaya. Sai Tsohuwa ta ce, uban naka fa?"

"Sai Jika ya ce, Baba nawa ne, ki bar ni da shi. Ba mai karɓe miki sanda ina raye."

Kaka ta ƙura masa ido. "Wannan a wasa ne, ko a ɗakin nan?"

"Duka biyun."

"Yaron da ke ɓuya bayan zanena in ubansa ya yi tari?"

"Yanzu na fi shi tsawo."

"Tsawo dai, tsawo dai. Da tsawo ake jarumta da sandar lantarki ta yi sarauta."

Yana dariya ya buɗe jaka ya fito da abin awon jini. Kaka ta zaro ido.

"Wannan kuma fa? Shi ma a cikin wasan yake?"

"Gwaji ne. Ba a kai wasa gaban mutane sai an gwada. Miƙo hannu, Tsohuwa."

"Wa kake kira tsohuwa? Ɗazu Amarya, yanzu da ka ga ka samu labari kyauta na zama tsohuwa?" Tana faɗa tana naɗe hannun riga. Ya ɗaura mata, ya fara matsawa. "Wayyo! A hankali, mugu! Hannun ne kake so ka gada tun yanzu?"

"Yi shiru, in kina magana ba ya karantuwa."

"To ba zai taɓa karantuwa ba."

Amma ta yi shirun. Ta bi fuskarsa da kallo yayin da iskar ke fita, ta ga yadda ya danne leɓe. Ba sai ya faɗa ba.

"Ya hau ko?"

"Ya hau sosai, Kaka."

Rabon da ya kira ta Kaka har ta manta. Ta sauke hannun rigarta a hankali.

"Likita na nan har yamma," ya ce. "Na gaske, ba mai haƙora uku ba. In mun tafi yanzu za mu same shi."

"Ina da sharaɗi."

"Na sani. Ba ki taɓa shan ruwa ba sharaɗi ba."

"Na ɗaya, Tsohuwa ba za ta mutu ba, ko a fitowa ta ɗari."

"An yarda."

"Na biyu, ita za ta yi maganar ƙarshe kafin a ja zanin gadon naku, ba Likita ba."

"Me za ta ce?"

"Ina ruwanka? In lokacin ya yi za ta sani. Na uku, ka goge kalmar nan kyakkyawa."

"Haba Amarya! Ita kaɗai ce ladan da na samu a duk aikin nan."

"Goge. Ka sa, wani dogo mai kunnuwa kamar faranti. 'Yan kallo na da ido, kada su ce duk wasan ƙarya ne."

Ya ja layi a kan kalmar yana ƙunƙuni, ya nuna mata. Ita ba karatun boko ta iya ba, amma ta karɓi takardar ta duba sama da ƙasa, ta gyaɗa kai kamar alƙali. Sannan ta sa shi ya jawo akwati, ta fito da zanen mai ruwan toka da karyayyen tabarau ta jefa masa a cinya.

"Ka gaya wa yarinyar katin nan, in za ta yi tafiyar tsofaffi kada ta riƙa rawar jiki kamar kazar da ruwa ya doka. Da ƙasaita ake yi. Ita tana da miji?"

"Kin fara ko?"

"Yarinyar da ta iya ƙure ka da tambaya ɗaya, ai ita ce maganinka. Ni na gaji, shekara da shekaru ina auren mutum ba ko sabulu."

Ta yafa mayafi, ta yunƙura. Ya miƙo hannu zai taimaka, ta harare shi, sannan ta kama hannun. Da ta tsaya da ƙafarta sai ta juya, ta zura hannu bayan matashi ta jawo gwangwanin. Ta buɗe, ta tsince maɓallan gefe guda da yatsa.

"Buɗe hannunka."

Ya buɗe. Ta juye masa ƙwayoyin nan farare, suka cika masa tafin hannu har wasu na zubewa ƙasa. Dogo ya dube su, ya dube ta, bakinsa a sake.

"Duk wannan?"

"Ungo, tukwicin marubuci," in ji Kaka, dariya ta ƙwace mata har tana dafa kafaɗarsa. "Ka ci wannan karon, ɗan banza mai kunnen faranti. Wuce mu je, kuma ka sunkuya a bakin ƙofa, don ni ban goge nawa ƙarshen ba."